In Allah ne ya naɗa Nebukadnezzar, laifin wa ne ƙone Haikali?

Malamar Lahadi:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Taimako nake nema kafin Lahadi mai zuwa. Ajin matasa nake riƙe da shi, muna cikin littafin Daniyel, jiya muka yi sura 2, mafarkin gunkin nan da Nebukadnezzar sarkin Babila ya yi. Har zana shi na yi a allo: kai na zinariya, ƙirji da hannuwa na azurfa, ciki da cinyoyi na tagulla, ƙafafu na baƙin ƙarfe, sawaye kuma ƙarfe ne gauraye da yumɓu. Na nuna musu dutsen da ya zo ya bugi sawayen, komai ya zama ƙaiƙayi iska ta kwashe. Na daɗe a kan aya 21, inda aka ce Allah ne ke tuɓe sarakuna, shi ne ke naɗa su. Ina murna darasi ya tafi sumul, sai wata yarinya 'yar shekara 14, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in Allah ne ya naɗa Nebukadnezzar, da ya je ya ƙone Haikali ya kashe mutane, laifin wa ke nan?" Na ce mata lokaci ya ƙure, za mu dawo kai. Gaskiya ba lokaci ba ne, amsar ce ba ni da ita. Da na koma gida na ci karo da Irmiya 27:6 inda Allah da kansa ya kira mutumin nan bawansa, abin ya ƙara tsaya mini a wuya. Me zan ce mata?

Mai Bishara:
Salama Malama. Ki buɗe mata Romawa 9. Yumɓu ba ya ce wa maginin tukwane don me ka yi ni haka. Ni abin da nake so ki nuna musu shi ne inda muke a jikin gunkin. Kai Babila ne, ƙirji Mediya da Farisa, ciki Girka, ƙafafu Roma. Duk sun wuce. Yanzu a yatsu muke, yatsu goma, ƙasashen Turai. Dutse yana hanya. Wannan ya kamata matasa su ji su shirya.

Baba Dattijo:
Ɗana Mai Bishara, a hankali. Yarinya tambaya ta yi, ba tawaye ba. In ka toshe mata baki yau, gobe ba za ta ɗaga hannu ba, jibi kuma sai ka nemi ta a aji ka rasa.

'Yata Malama, annabi Habakuk ya riga yarinyar nan yin tambayar. Littafinsa sura uku ne kacal, ki karanta shi a daren nan. Ya fara da kuka a kan zaluncin da ke cikin Yahuza. Allah ya ce masa to, ga Kaldiyawa nan ina ta da su, wato mutanen Babila. Sai annabin ya ga maganin ya fi cutar zafi. A 1:13 ya ce, kai da idonka ya fi ƙarfin kallon mugunta, yaya za ka yi shiru mugu yana haɗiye wanda ya fi shi adalci? Allah bai tsawata masa ba. Ya ba shi amsa a sura 2, inda aka jera wa azzalumin kaito har sau biyar: kaiton mai tara abin da ba nasa ba, kaiton mai gina birni da jini, da sauransu. Wanda aka aika ɗin ma shari'arsa tana nan tana jiransa.

Malamar Lahadi:
Na gode Baba. Amma na san halin yarinyar nan. Cewa za ta yi, in kai ka aiki mutum ya je ya yi abin da ka aike shi, da wane baki za ka hukunta shi?

Baba Dattijo:
To ki kai ta Ishaya 10. A aya 5 Allah ya kira Assuriya sandan fushinsa. Amma ki duba aya 7. Shi sarkin Assuriya ba haka yake nufi ba, ba hakan ke zuciyarsa ba. Abin da ke ransa shi ne ya hallaka al'ummai da yawa. Ba wanda ya tashi da safe a Nineba ya ce bari in je in cika nufin Ubangiji. Ganima suka fita nema, da bayi, da suna. Allah ya bi ta cikin kwaɗayinsu ya yi aikinsa, kwaɗayin kuwa nasu ne, ba a ɗora musu shi ba. Shi ya sa a aya 12 ya ce in ya gama aikinsa a Sihiyona zai juyo kan girmankan sarkin. Sai aya 15 ta yi tambayar da nake so: gatari zai yi wa mai sara da shi alfahari?

Malamin Tarihi:
Baba, ku ba ni dama in sa baki a nan, don maganar da kuka kawo tana da shaida a wajen Littafi Mai Tsarki. Sennakerib sarkin Assuriya ya kawo wa Yahuza yaƙi a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, kuma ya sa an rubuta nasa labarin a jikin wani tubalin yumɓu mai gefe shida, akwai ɗaya a gidan tarihi na Landan. A ciki yana bugun ƙirji cewa ya ci birane masu garu 46 na Hezekiya sarkin Yahuza, ya kuma kulle Hezekiya a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Cin birnin Lakish kuwa har sassaƙa shi ya sa aka yi a bangon fadarsa, ana ganin mutane ɗauke da ƙunshin kaya suna fita, an tsire wasu a kan itace. Wanda ya ga hoton nan ba zai ce wannan mutum aikin Allah yake ganin yana yi ba. Abin lura kuma, duk cika bakinsa bai ce ya ci Urushalima ba. Sarakunan Assuriya ba sa rubuta asararsu, sai dai su yi shiru a wurin. 2 Sarakuna 19 ta faɗi abin da ya faru da sansaninsa da dare.

Nineba kanta ta faɗi a 612, Babila da Mediya suka haɗu a kanta. Kangonta yana nan a Mosul ta Iraƙi, a gabashin kogin Dijla.

Mai Shagon Waya:
Malam, ashe ɓoye asara a rahoton gwamnati ba yau aka fara ba.

Ɗalibin Tauhidi:
Salama Baba, salama kowa. Ina so in koma kan maganar Yaya Mai Bishara. Yaya, ka sake karanta sura 2 a hankali. An ambaci yatsu a aya 41 da 42, amma ba inda aka ce goma. Goman daga ƙahonin dabba ta huɗu ta sura 7 aka ɗauko ta aka liƙa. Sa'an nan a duk surar, mulki ɗaya tak aka faɗi sunansa, inda Daniyel ya ce wa sarki kai ne kan zinariya. Sauran ukun fassara ce. Fassarar da ka kawo ita ce mafi yaɗuwa, ita Jerom, tsohon malamin ikilisiya, ya bi a sharhinsa wajen shekara ta 407 bayan Almasihu, ni ma ita na tashi da ita. Amma akwai masu cewa Babila, Mediya, Farisa, Girka, kuma cikinsu har da tsofaffin malaman ikilisiyar Siriya, ba 'yan bokon Turai kaɗai ba.

Maganar Turai kuwa, a 1981 da Girka ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai suka cika goma, masu wa'azi suka ce shi ke nan, yatsu sun cika. A 1986 Sifen da Fotugal suka shiga, suka zama 12. Yau 27 ne, bayan Birtaniya ta fita. Wane irin gunki ne mai yatsu 27?

Mai Bishara:
Ƙanena, abin da nake tsoro da makarantun nan ke nan. A tura yaro ya koyo Magana, ya dawo yana warware ta. Ka buɗe sura 8 aya 20. Rago ɗaya ne mai ƙaho biyu, mala'ika ya ce sarakunan Mediya da Farisa ne. Dabba ɗaya. To da wace wuƙa ka raba su biyu a sura 2?

Ɗalibin Tauhidi:
Wannan hujja ce mai ƙarfi Yaya, ban musa ba. Ita ce ma ta sa har yanzu na fi karkata ga Roma. Abin da na ƙi shi ne a koya wa yara fassara kamar ita ce ayar.

Malamin Tarihi:
Sura 8 ɗin nan ita ce ta fi ba ni mamaki a matsayina na mai koyar da tarihi. Bunsuru ya taso daga yamma, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa saboda gudu, da babban ƙaho ɗaya tsakanin idanunsa. Bunsurun Girka ne, ƙahon kuma Iskandari, wanda ya ƙetara zuwa Asiya a 334 kafin Almasihu, ya karya Dariyus na uku sarkin Farisa a Issus a 333, ya ƙarasa shi a Gaugamela a 331. Daular da ta yi shekara 200 tana mulki, cikin 'yan shekaru ta zama labari. Sai ƙahon ya karye yana tsakiyar ƙarfinsa: Iskandari ya mutu a Babila a 323 yana da shekara 32. Ɗansa bai ci gadon ba, kashe shi aka yi yana yaro. Hafsoshinsa suka yi ta yaƙi da juna har bayan yaƙin Ipsus a 301 ƙasar ta zauna a hannun mutum huɗu: Talomi a Masar, Selukus a Siriya da gabas, Kasanda a Makidoniya, Lisimakus a Tiras da yammacin Asiya Ƙarama. Ƙahoni huɗu a gurbin ɗaya.

Ɗalibin Tauhidi:
Malam, dacewar nan ita ce ta haifi babbar gardamar. Tunda mun shigo, gara a faɗa, don matasan nan za su ci karo da ita a intanet ko a jami'a. Tun ƙarni na 3 bayan Almasihu wani masanin falsafa mai suna Forfiri, mai gaba da Kirista, ya ce littafin Daniyel ba a Babila aka rubuta shi ba, a zamanin Antiyokus na huɗu ne, sarkin Siriya da ya ƙazantar da Haikali a 167 kafin Almasihu. Yawancin masana a jami'o'i yau wannan ra'ayin suke bi. Hujjarsu mafi ƙarfi sura 11 ce. Tana bin sarkin arewa da sarkin kudu dalla-dalla, har auren siyasar da aka ƙulla tsakanin gidajen biyu a aya 6, wanda ya dace da Barnike 'yar Talomi na biyu da aka kai wa Antiyokus na biyu, daga baya aka kashe ta. Komai yana tafiya daidai har wajen aya 39. Daga 40 zuwa 45 sai a ce sarkin zai ƙare tsakanin teku da tsattsarkan dutse, alhali Antiyokus a ƙasar Farisa ya mutu a 164. Sai su ce marubucin ya rubuta abin da ya gani, da ya zo kan abin da bai gani ba sai ya kuskure. Jerom da waɗanda suka bi shi suka ce a'a, a wannan wurin annabcin ya riga ya tsallake Antiyokus ya koma kan magabcin Almasihu na ƙarshen zamani.

Mai Bishara:
Ubangiji Yesu ya kira shi annabi Daniyel a Matiyu 24:15. Ni wannan ya ishe ni. Kai kuma ka zaɓa, Yesu ko Forfiri.

Mai Kula da Zaure:
Mai Bishara, ba a raba wa mutane sama da wuta a zauren nan. Yaron ya kawo abin da ake faɗa ne, bai ce shi ya yarda ba. A ci gaba cikin ladabi.

Malamin Tarihi:
Bari in sa wa kowane ɓangare nasa a ma'auni, don ni na ga duka biyun suna da inda takalmi ke matsa musu... a'a, bari in ce kowa da inda ɗakinsa ke yoyo.

Belshazzar na sura 5. An daɗe ana cewa babu wani sarki mai wannan suna, don tsofaffin marubutan Girka ba su san shi ba, kuma sarkin Babila na ƙarshe Nabonidus ne. A 1854 aka tono rubutun Nabonidus a Ur yana yi wa babban ɗansa Belshazzar addu'a. Daga baya aka gano uban ya bar Babila ya tare a Taima cikin ƙasar Larabawa kusan shekara 10, ya bar wa ɗan riƙon gari. Sai maganar da ke 5:16 ta fito fili, inda ya yi wa Daniyel alkawarin zama na uku a mulki. Me ya sa ba na biyu ba? Don shi kansa na biyun ne. Wanda ya rubuta wannan ya san abin da Girkawa suka manta. Haka kuma a kogunan Kumran, inda aka fara samun naɗaɗɗun littattafai a 1947, an sami guntayen kwafin Daniyel har takwas, mafi tsufa daga ƙarshen ƙarni na 2 kafin Almasihu. In a 165 aka rubuta shi, to ya karɓu da sauri ƙwarai.

A ɗaya gefen kuma akwai Dariyus Bamede, wanda sura 5 ta ce ya karɓi mulki yana da shekara 62. Rubuce-rubucen Babila daga Nabonidus sai Sairus sarkin Farisa suka tafi, babu wani Dariyus a tsakani. Wasu sun ce Gubaru ne, gwamnan da aka naɗa, wasu sun ce wani sunan Sairus ne. Har yau ba a tono abin da ya rufe bakin kowa ba.

Maman Tagwaye:
Salama. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, tun safe nake bin ku ina shiru. Amma kun yi nisa da tambayar yarinyar nan, ni kuwa tambayar tawa ce.

Shekarun baya aka shigo ƙauyenmu da dare. Na goya ɗaya, na riƙe ɗaya a kafaɗa, na faɗa cikin gonar dawa, ina toshe musu baki da zanina. Daga nan nake hango rumbunanmu uku suna ci, warin hatsin da ya ƙone har yau in na ji ƙauri a murhu sai gabana ya faɗi. Baban yara bai fito ba. Ran kwana uku wani babban mutum ya zo gaisuwa da motoci, ya zauna a kujerar da muka aro, ya ce, Mama sai haƙuri, Allah ne ya nufa. Na ce masa na gode. Amma a raina cewa nake, to wanda ya ƙyasta ashanar fa? Shi ba shi da hannu? Na yi wata shida ban iya addu'a ba. Ina zuwa Zumuntar Mata, ana waƙa ina motsa baki kawai.

Don haka Malama, duk abin da za ki gaya wa yarinyar nan, kada ki ce mata nufin Allah ne ki yi shiru daga nan. Wa ya sani ko ita ma akwai abin da ta gani.

Malamar Lahadi:
Mama, sannu. Allah ya ƙara miki ƙarfi. Kin taɓa inda ban yi tunani ba, don iyalin yarinyar nan ba su daɗe da tarewa a unguwarmu ba, kuma ban taɓa tambayar daga ina suka taso ba.

Baba Dattijo:
'Yata Maman Tagwaye, sannu da haƙuri. Abu biyu zan faɗa miki, ki auna.

Na farko, Yahuza an aika mata annabawa da sunanta. Irmiya ya ce shekara 23 ya yi yana faɗakarwa ba su ji ba, yana nan a 25:3. Ƙauyenku ba wani annabin da aka aiko ya ce hukunci ne. Duk wanda ya ɗauki ayar Babila ya ɗora a kan gawar mijinki ya yi wa Allah ƙarya. Da aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, a Luka 13, cewa ya yi ba su fi sauran zunubi ba, haka ma mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa.

Na biyu, ko a inda hukuncin ne ma, ki ji abin da Allah ya ce wa Babila a Ishaya 47:6. Ya ce na ba da mutanena a hannunki, ba ki ji tausayinsu ba, har tsofaffi kika ɗora wa karkiya mai nauyi. A Zakariya 1:15 kuma ya ce fushinsa kaɗan ne, al'ummai suka ƙara wa abin gishiri. Ashe yana ƙirga. Ranar da Babilawa suka yanka 'ya'yan Zadakiya sarkin Yahuza a gabansa sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu, ba Allah ne ya riƙe wuƙar ba, kuma bai manta wanda ya riƙe ta ba. Irmiyan da ya kira Nebukadnezzar bawa a 25:9, shi ne a aya 12 ya ce bayan shekara 70 za a hukunta sarkin Babila da al'ummarsa saboda laifinsu. Aya uku ce tsakaninsu.

Maman Tagwaye:
Ishaya 47:6 ɗin nan ban taɓa jin an yi wa'azi a kai ba. Zan sa tagwaye su karanta mini da dare, idona ba ya ganin ƙananan rubutu.

Mai Shagon Waya:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bayan kowane zaɓe, ko mutum ya ci ko an ci masa, sai ka ji an ce ai Allah ne ke ba da mulki. Magana ta mutu ke nan. Maƙwabcin shagona Musulmi ne, mun taɓa tattauna wannan muna jiran a kawo wuta. Ya karanta mini aya ta 26 a Suratu Ali Imrana, cewa Allah yana ba da mulki ga wanda ya so, yana ƙwace shi daga wanda ya so. Na ce ai mu ma haka take a Daniyel. Sai ya yi dariya ya ce, amma Fir'auna ma an ba shi, ka ga an ba ka ba ya nufin an yarda da kai.

Ɗalibin Tauhidi:
Maƙwabcinka ya gane. Daniyel 4:17 ma cewa ta yi Maɗaukaki yana ba da mulki ga wanda ya so, har yakan ɗora mafi ƙasƙanci cikin mutane. 'Yan siyasa rabin farkon suke haddacewa. Kuma littafin da ya ce Allah ne ya naɗa sarkin, shi ne ya ba da labarin samari uku da suka ƙi rusuna wa gunkinsa a sura 3, shi ne kuma Daniyel ya dubi idon sarki a 4:27 ya ce ka bar zunubanka, ka ji ƙan matalauta.

Mai Kula da Zaure:
An yarda a yi maganar mulki, amma kada in ga sunan jam'iyya ko na ɗan takara. Wanda ya saka zan goge.

Malamin Tarihi:
Ba a taɓo Sairus ba, kuma shi ne ya fi nuna abin da Baba ke faɗa, ta fuskar alheri. Ya shiga Babila a 539. A 1879 Hormuzd Rassam ya tono wani ɗan gangan yumɓu a kangon Babila mai ɗauke da sanarwarsa, yanzu yana Landan. A ciki an ce Marduk, gunkin Babila, ya duba ƙasashe duka yana neman sarki adali, ya kama hannun Sairus, ya kira sunansa. Yanzu ku buɗe Ishaya 45. Ubangiji ya ce shi ne ya riƙe hannun daman Sairus, shi ya kira shi da sunansa, har ya ce da shi shafaffensa. Sa'an nan sau biyu, a aya 4 da 5, ya ce ko da yake ba ka san ni ba. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, kowa yana cewa shi ya riƙe. Shi Sairus siyasarsa yake yi, ya ga mayar wa mutane gumakansu da barinsu su koma garuruwansu ya fi arha a kan ajiye sojoji. Gangan bai ma ambaci Yahudawa ba. Amma cikin wannan siyasar aka sami umarnin da ke Ezra 1, aka koma aka sake gina Haikali, aka gama wajen 516, shekara 70 bayan ƙone shi a 586.

Mai Bishara:
Yawwa Malam! Sunan mutum tun shekara 150 kafin ya hau mulki. Ƙanena Ɗalibi, kada ka ce mini wannan ma daga baya aka rubuta.

Ɗalibin Tauhidi:
Akwai masu cewa daga sura 40 wani annabi ne na zamanin bauta, amma yau ba zan ja da kai ba Yaya, gardama ɗaya ta isa. Abin da zan roƙe ka kawai, ka bar sa wa Allah rana. Wiliyam Mila a Amurka ya ɗauki maraice da safiya 2,300 na Daniyel 8:14 ya mai da su shekaru, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844. Wasu ko amfanin gona ba su girbe ba. Gari ya waye kamar kullum. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Kuma ka dubi birnin Taya a Ezekiyel 26, inda aka ce Nebukadnezzar zai auka mata. Ya yi shekara 13 yana kewaye da ita. A 29:18 annabin da kansa ya dawo ya ce kawunan sojoji sun yi sanƙo, kafaɗu sun goge, ba su sami ladan wahalarsu ba. Sai a 332 Iskandari ya kwashi duwatsun tsohon garin ya cike teku ya yi hanya zuwa tsibirin. In annabin da ya karɓi maganar bai ɓoye cewa abin bai tafi yadda ake zato a zamaninsa ba, mu su wa da za mu zana kalanda?

Mai Bishara:
Ban sa rana ba. Na ce yana hanya. Wannan kuma ba zan janye ba.

Baba Dattijo:
Kada ka janye, ɗana. Yatsun kawai za ka daina ƙirgawa.

Malamar Lahadi:
Salama iyayena, na dawo da rahoto. Yau na tafi aji da gatarin gidanmu a cikin buhu, har mai gadin majami'a ya tsayar da ni. Na ajiye shi a tebur, muka karanta Ishaya 10 da 47:6, na ba su labarin Habakuk. Na ce musu tambayar da 'yar'uwarsu ta yi annabi ma ya yi ta. Na ga fuskarta ta saki. Amma da muka gama sai ta sake ɗaga hannu ta ce, "Malama, gatari ba shi da zuciya, ba zai iya ƙin sara ba. Nebukadnezzar yana da zuciya. Da ya ƙi zuwa fa?" Aji ya yi tsit. Na ce mata za mu dawo kai, wannan karon kuma na gaya mata gaskiya cewa ban sani ba. Mama, na tambayi uwarta bayan sujada. Abin da kika yi zato, haka ne.

Maman Tagwaye:
Ki turo mini lambar uwar ta akwatin sirri, in ta yarda. Zan je in gaishe ta.

Baba Dattijo:
'Yata, ki ba yarinyar sura 4 ta karanta a gida, ki haɗa mata da Irmiya 18:7 zuwa 10 da Yunusa 3. Lahadi mai zuwa ita za ta tsaya ta gaya wa aji abin da ta gani. Ki ajiye mini wuri a bencin baya, zan shigo bayan an karɓi baiko.